Ƙarya Kake Yi, Ka Gaji

Daga mai kula da zaure: wata 'yar'uwarmu malama ce ta turo wannan daga Zariya, ta roƙi a sakaya sunanta. Na sa shi yadda ya zo. A ba ta shawara cikin mutunci.

Assalamu alaikum 'yan zaure, maza da mata, musamman malamai irina da ke leƙowa nan. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau larura ta sa. Ina wani kafe na intanet ne a Samaru, an tashi daga lesin Asabar a makaranta amma na kasa wucewa gida. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon bayanin, ban iya ɗauko labari daga tsakiya ba.

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Samaru, ina zaune a Muciya cikin Sabon Gari da maigidana da yaranmu uku. Kafin in yi aure na yi aiki a wani gidan rediyo a Kaduna, ina fassara labarai, ina karanta sanarwa. Dattijon da ya koya mini aikin ya sha gaya mini cewa mai karanta sanarwar rasuwa ba shi da hawaye, hawaye na mai saurare ne, ke naki ki faɗi sunan daidai, ki ja numfashi a inda waƙafi yake. Na riƙe wannan da kyau. Aure ya kawo ni Zariya na koma koyarwa, amma muryar ta biyo ni, shi ya sa a makarantarmu duk wata sanarwa ni ake miƙa wa a asambili, ta hutu ce, ta horo ce, ta rasuwar mahaifin wata ɗaliba ce. Malamai ma ba sa kiran sunana, Rediyo suke ce mini.

Akwai wata abokiyar aikina, zan kira ta Rahila, ba sunanta ba ne. Malamar lissafi ce, Kirista, daga wani ƙauye a wajen Zonkwa, tana haya ita kaɗai a bayan kasuwar Sabon Gari. A PZ muke shiga bas ɗin Samaru kowace safiya, kuma a nan muka fara haɗuwa. Ranar farko ta tsaya a kaina ta ce, "Ka matsa mini in zauna." Sai da na waiwaya ina neman namijin da take yi wa magana. Kun san Hausar 'yan'uwanmu na kudancin Kaduna, da yawansu ka suke ce wa kowa, mace da namiji. Ni kuwa kunnena ba ya barin irin wannan ya wuce, na matsa mata na ce, "Ki ake ce wa mace." Ta zauna, ta gyara jakarta a cinya, ta ce, "A garinmu ba mu da lokacin raba mace da namiji a baki, Allah ya riga ya raba." Duk bas ɗin aka yi dariya, har da ni. Shekaru muka yi ina gyara mata, ko sau ɗaya ba ta gyaru ba, kuma na tabbata da gangan take yi, don na ji ta tana cewa ki a gaban firinsifal.

Gaisuwarmu ta safe ba ta canzawa. Za ta ce, "Rediyo, ina gajiya?" In ce, "Ba gajiya." Ta ce, "Ƙarya kake yi, ka gaji." In ce, "Kike." Ta ce, "Kike ɗin ma ƙarya ce." Idan ni na tambaye ta kuwa sai ta ce, "Akwai gajiya, ta zo da 'ya'yanta, har sun kama ɗaki." Kwandastocin layin duk sun haddace mu. Ku da kuka tashi cikin Hausa kun san babu wurin gajiya a bakin Bahaushe, wanda ya wuni yana sauke buhuna ma ba gajiya zai ce, in ya matsa ya ce gajiya ta bi lafiya. Ni kaina haka nake koya wa yara a darasin gaishe-gaishe, tarbiyya ce, kuma ban ce ba ta da kyau ba. Amma Rahila kaɗai ce a duniya take jin amsata ta ƙi karɓa.

Lokacin birek ba ma zama a ofishin malamai. Akwai wata darbejiya a bayan ɗakin gwaje-gwaje, nan muke shimfiɗa ɗankwali mu zauna, ta buɗe kularta ta faten acca, ni in buɗe ɗanwakena, mu yi musaya. Ta kan cire takalmi ta miƙe ƙafa ta ce sai na faɗa da bakina cewa na gaji kafin ta ba ni cokali. In faɗa ina dariya. Daga nan sai hira, mu yi gulmar masu zuwa duba malamai, mu kwaikwayi tafiyar mataimakin firinsifal, wani lokaci in gaya mata abin da ko 'yan'uwana ban gaya wa ba. Ban taɓa ɗaukar wannan zaman a matsayin wani abu ba. Sai yanzu na gane shi ne yake sauke mini kayan da nake ɗauka, ban sani ba.

Bayan dogon yajin aikin nan da kuka sani, muka dawo aka ce sai an cinye aikin zango biyu a zango ɗaya. Ga iska ta yaye rufin wani gini tun farkon damina, aka haɗe azuzuwa, yara har kan taga suke zama. Lesin har yamma, lesin ranar Asabar, albashi sai ya ga dama, makin littattafan yara kuwa a jakar bakko muke kai shi gida. Rahila ce uwar ajin 'yan shekarar ƙarshe, kuma lissafi ne abin da kowa ke tsoro, don haka nata ya fi na kowa. Ta fara yawan ciwon kai, kullum da ƙwayar magani a jaka. Kullum tana cewa akwai gajiya, kullum kuma ana dariya, saboda haka maganarta take tun asali.

Wata Alhamis tana tsaye a gaban allo a ajinta, ta ajiye alli, ta zauna a ƙasa, ta ce wa yaran su ba ta ruwa. Aka kai ta asibiti, ba ta kai magariba ba. Likitoci suka ce hawan jini ne ya fasa mata jijiya a kai.

Da safiyar Juma'a na isa makaranta na tarar da firinsifal ɗinmu, Hajiya muke ce mata, idanunta sun kumbura. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, ke za ki gaya musu, wallahi ni ba zan iya ba." Ban ce a'a ba, ban ma san ana cewa a'a ba. Daga ofishinta zuwa filin asambili kalmomi nake zaɓa. Ban ce ta mutu ba, na ce Allah ya yi mata rasuwa. Na faɗi cikakken sunanta yadda mutanenta ke furta shi, ba yadda muke murɗe shi ba. Na faɗi rana da wuri, na ce za a kai ta gida, na roƙi Allah ya ba mahaifiyarta da mu haƙurin rashinta. Na ja numfashi a inda waƙafi yake. Yara suka dinga zubewa, malamai maza suna share ido da hula, ni kuwa ina riƙe da lasifika ina cewa aji ɗaya su fara wucewa, aji biyu su biyo. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Daga ranar aka fara yabona. Wannan ya ce Rediyo akwai tawakkali, wancan ya ce ai ke dutse ce. Na kuma ji wata malama tana raɗa cewa ashe ƙawancen na fatar baki ne, ko ɗigon hawaye. Ban san wanda ya fi yi mini ciwo ba tsakanin yabon da raɗar. Mun je garinsu a motar makaranta ranar da aka binne ta, mata suna waƙoƙin coci da Hausa suna kuka, ni ina zaune ina sauraren yadda suke furta kalmomi, kamar an aiko ni ɗauko rahoto. Na dawo gida na dafa tuwo.

Da aka rasa wanda za a ba ajinta sai aka ce ai ga mai ƙarfin zuciya. Wani ɗan bautar ƙasa ya karɓi lissafin, ni na zama uwar aji. Yaran nan a gabansu ta faɗi, har yau babu wadda ke yarda ta taka wurin, zagaye shi suke yi idan an kira su allo. Wannan ta zo ta ce ba ta barci, wannan ta ce ta kasa buɗe littafin lissafi, wannan ta ce ita ce ta kawo ruwan kuma ta daɗe ba ta samo kofi ba. Ni suke gaya wa, ni nake lallashi. Na daina zuwa gindin darbejiya, a aji nake cin abinci ina makin. Na daina shiga bas a PZ tun ranar da wani kwandasta ya ce, "Hajiya, ina mai gajiyar nan taki, kwana biyu?" Na ce masa ta rasu, na ba shi kuɗinsa, na sauka a Kwangila na hau acaɓa.

Abin ya fara ne a darasin nahawu. Muna bitar wakilin suna saboda jarrabawa, na rubuta a allo, ka zo, kin zo, ina bayanin bambancin jinsi. Sai wata yarinya daga baya, ba da rashin kunya ba, a hankali ta ce, "Malama Rahila ta ce Allah ya riga ya raba." Ajin ya fashe da dariya, dariyarsu ta farko tun rasuwar, kafin ta ƙare ta koma kuka. Na buɗe baki in ce ya isa, babu abin da ya fito. Ba dishewa ba ce, na san dishewa, wannan iska ce kawai take fita. Na sake gwadawa, shiru. Na juya na rubuta ku kwafa, na fita. Sai bayan azahar muryar ta dawo kamar ba abin da ya faru. Tun daga nan take ɗaukewa, yawanci a ajin nan, sau ɗaya a asambili ina tsakiyar sanarwa har na yi kamar lasifikar ce ta lalace, sai kuma a gida ranar da autana ya tambaye ni ina Anti mai fate.

Na je asibiti. Likita ya haska maƙogwarona ya ce lafiya lau, ya auna jinina ya ce ya fara hawa. Sai ya ajiye biro ya tambaye ni wa ya rasu. Na ba shi labari kamar yadda nake ba ku, a tsare. Ya ce damuwa ce ta taru ba ta sami hanyar fita ba, ina bukatar hutu na gaske, kuma zai tura ni in ga likitan ƙwaƙwalwa, ba don na haukace ba, don in sami wanda zan yi wa magana. Amma hutun jinya sai takardar ta bi ta ofishin Hajiya ta wuce ma'aikata, kuma za a ga sashen da ya buga mata hatimi. A makarantarmu in ka yi atishawa a ofis, kafin birek mai gadi zai ce maka sannu da mura. Akwai malamin da ya taɓa zuwa wannan sashen tun kafin in zo, ya warke sarai, har yau in ya yi faɗa a mitin sai a ce a ƙyale shi, mai kati ne.

Maigidana mutumin kirki ne, yana da shagon kayan wuta a PZ, bai taɓa hana ni aiki ba. Amma da na gaya masa maganar likita mun yi saɓanin da ba mu taɓa yi ba. Shi a ganinsa iska ce na kwaso a hanyar jana'iza, ya kawo rubutu da zuma da habbatus sauda, na sha, har yanzu ina sha, na ce masa addu'a da likita ba sa faɗa da juna. Ya ce in aiki ne ya gajiyar da ni in ajiye shi yau, zai iya riƙe gidansa, amma matarsa ba za ta yanki kati a sashen masu taɓin hankali ba, muna da 'ya'ya mata, wata rana za a zo neman aurensu a yi bincike. Cikin zafi ya ce zan kashe kaina a kan wadda ba dangina ba, ba addininmu ɗaya ba. Kwana biyu ban yi masa magana ba, kuma wannan karon muryata na nan. Daga baya ya ba ni haƙuri, ya ce bakinsa ne ya suɓuce, ya tuna mini ita ce ta kwana da ni a asibiti lokacin haihuwar auta. Amma a kan maganar kati bai sauka ba.

Asabar ɗin da ta wuce mahaifiyar Rahila ta zo da 'yan cocinsu kwashe kayan ɗakinta, ta aiko a kira mata Rediyo. Na je. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tana zaune a bakin gadon da aka riga aka naɗe katifarsa, jakar bakkon nan na jingine a bango da littattafan yara da ba a gama makin ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ina gajiya?" Na ce, "Ba gajiya, Mama." Sai ta kama wuyan hannuna da hannu biyu, ta daɗe tana kallona, ta ce, "Ƙarya kake yi, ɗiyata. Ka gaji."

Ban sani ba ko Rahila ce ta taɓa ba ta labarin gaisuwarmu, ko kuwa haka dai suke magana a gidansu. Ban tambaya ba. Abin da na sani na tsinci kaina a ƙasa, kaina a cinyar matar da ni ya kamata in lallashe ta, wata irin ƙara tana fita daga bakina da ban taɓa jin irinta a muryata ba. Masu ɗaure kaya suka fita suka ja ƙofa. Tana shafa bayana tana cewa, "Yi, yi abinka. Ita ma haka take tun tana yarinya, sai ta faɗi gaskiya tana dariya don kada a damu." Da zan tafi ta ɗauko kular nan ta fate ta sa mini a jaka, ta ce, "Ni na binne tawa. Kada ka bari uwarka ta binne tata."

To ga inda nake. Jarrabawar fita saura 'yan makonni. Yaran nan sun ga malama ɗaya ta faɗi a gabansu, idan ta biyun ta ɓace a daidai wannan lokaci ban san me zai same su ba, kuma na san Hajiya ba ta da wani malamin da za ta ba su, ba mugunta ba ce, babu ne. Jiya ma monitar ajin ta biyo ni har bakin ƙofa ta ce, "Malama, ke dai ba za ki tafi ba, ko?" Na gyaɗa mata kai, don a lokacin muryar ba ta nan. Wani ɓangare na zuciyata yana cewa in daure, 'yan makonni ne, in raka 'ya'yan Rahila har ƙofar ɗakin jarrabawa, shi ne kaɗai abin da zan iya yi mata. Wani ɓangaren yana tuna mini cewa ita ma 'yan makonni take lissafawa. Kuma malamar da ba ta da murya me take koyarwa? Idan na karɓi takardar likita na saɓa wa maigidana, kuma sunan da za a laƙaba mini zai bi ni har in yi ritaya. Idan na ajiye aikin gaba ɗaya kamar yadda yake so, na bar yaran, na bar abin da na iya, in zauna a Muciya da wannan abin a ƙirjina, babu allo, babu darbejiya.

Malamai 'yan'uwana, akwai wanda irin wannan ta taɓa samu? Muryar tana dawowa da kanta, ko ƙaruwa take yi? Wanda ya taɓa ganin irin wannan likitan, da gaske magana kawai ake yi? Akwai hanyar da zan bi in shawo kan maigidana ba tare da na ɓoye masa ba, don ba na so in je a ɓoye? Ko in sami Hajiya ni da ita in gaya mata komai, in roƙi a rage mini wasu azuzuwan in riƙe na Rahila kaɗai? Ina tsoron ta ce ai ke ce ƙarfinmu, ni kuma in ce to.

Kowace Litinin Hajiya tana tsayawa a bakin get tana gaisawa da malamai ɗaya bayan ɗaya. Jibi za ta tsaya, zan sauka daga acaɓa, za ta ce, "Malama, ina gajiya?" Shekara da shekaru ina koya wa yara amsar wannan tambaya, har maki nake ba su a kai. Don Allah ku gaya mini me zan ce mata. Ku rubuto da ka ko da ki, duk wanda ya zo bakinku, ba zan gyara wa kowa ba.